Darbejiyar da Ta Girma da Asuba

Wautar da na tafka a gaban Kantoma ita ce ta hana ƙauyenmu rijiya, gara kuma in faɗa da bakina, tunda masu ba da labarin kullum sai sun ƙara masa gishiri. Wata Talata ce a tsakiyar bazara, zamanin soja, lokacin da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihunsa, mu kuwa ko aljihun ba mu da shi. Ina tsaye a bakin hanyar da ta shigo mana daga Gwarzo, an mulke ni da man gyaɗa har ina ƙyalli, cikin rigar makaranta ta aro, domin ni da boko mun rabu tun a aji uku, bai neme ni ba, ban neme shi ba. A bayana ga 'yan bishiyoyin darbejiya jere reras, kore shar, kowace ta kai ƙuguna. Babu mai saiwa a cikinsu ko ɗaya.

Babana shi ne Mai Unguwa, ya gaji kakana. Kakan nan nawa ya ga zamanin En'e, lokacin da hukuma ba ta zuwa ƙauye sai don haraji da jangali, har in aka hango ɗan doka, masu shanu su kora garke daji. Daga baya aka ce an yi ƙaramar hukuma, ga sakatariya a Gwarzo, ga ciyaman, ga kansila. Soja suka zo suka share su, suka ɗora mutum ɗaya da ake kira Kantoma. Kakana yana zaune kan buzunsa a zaure yakan ce, "Da hukuma karɓa take zuwa yi. Yanzu an ce bayarwa za ta zo yi. Allah ya ba mu rai mu gani." Abin da muke so ta bayar kuwa ɗaya ne tak, ruwa. Da rani yashin rafi muke tonawa, mata su durƙusa da ƙoƙo suna jiran ya tsattsafo.

A ƙarshen wata damina malamin gandun daji ya zo da dashen darbejiya a baƙaƙen ledoji, ya raba mana da mutanen Ƙetare, unguwar da ke hayin rafi. Ya ce simintin da ke hannun hukuma na rijiya ɗaya ne, kuma unguwar da ta raya dashenta ita za a haƙa wa. Baba ya dasa namu da hannunsa, ya kewaye kowanne da ƙaya, ya damƙa ban ruwa a hannun yaran unguwa, ni ne shugaba. Nan aka yi kuskuren farko. Mukan tafi rafi da gwangwanaye, mu sha rabi, mu watsa wa juna rabi, mu ɓige da langa har rana ta faɗi. Ƙayar ma muka riƙa zarewa muna hura wutar gasa fara. Awaki suka ƙarasa abin da muka rage. Kafin bazara, babu komai a wurin sai tsinke.

Da saƙo ya iso cewa Kantoma zai zo dubawa da kansa, dattawa suka cika zaurenmu. Baba Ilu wanzami, wanda bai taɓa rasa dabara ba, ya ce a saro rassa daga manyan darbejiyoyin firamare a kakkafa. Baba ya ce shi bai iya ƙarya ba. Baba Ilu ya ce, "Wa ya ce ƙarya, Mai Unguwa? Itacen da za mu dasa baɗi ne za mu nuna masa bana." Aka yi dariya, Baba ya dubi ƙasa. Ana idar da sallar asuba aka hau sara, ni kuma aka ba ni wuƙa in fiƙe gindin kowane reshe don ya shiga busasshiyar ƙasa. A nan fa na gwanance, don ni ne mai yi wa yara kibiya da turakun tarko. Baba Ilu ya ɗaga ɗaya ya ce, "Kai, yaron nan hannunsa da albarka!" Tun da aka haife ni ba a taɓa yabona a gaban mutane ba. Kaina ya kumbura har hula ta yi mini kaɗan.

Kantoma ya iso da hantsi a farar Fijo, tare da Dagaci da malamin daji. Malamin daji ya kalli bishiyoyin sau ɗaya, ya mai da idonsa sama kamar mai neman hadari. Kantoma ya bi layin a hankali, hannu a baya, yana gyaɗa kai. Sai da na girma na gane cewa mutumin ɗan ƙauye ne kamarmu, ya san reshe, ya san dashe, ya kuma ga matan da ke durƙushe a rafi lokacin da zai wuce. Da alama so yake ya rufe ido ya ba mu rijiyarmu. Ya tambaya wane ne mai kula da su, aka turo ni gaba. Ya dafa kaina ya ce, "Sannu da ƙoƙari, yaro. Duk aikinka ne wannan?" Ni kuwa na ga ranar yabo ta sake zagayowa. Na ce, "Ni na fiƙe su duka, ranka ya daɗe!" Na tuge wanda ya fi kyau na miƙa masa, tsinin a sama, don ya ga aiki.

 Kantoma ya taɓa tsinin da ɗan yatsa, ya ce, "Lallai ka iya fiƙa." Ya mayar mini, ya shiga mota, ko furar da Inna ta dama masa bai sha ba. Dagaci ya tsaya ya wanke Baba tas a gaban yara da mata, Baba yana tsugune yana cewa, "Na yi kuskure, ranka ya daɗe." Na jira duka har dare, bai zo ba. Baba ya karɓi reshen ya soke shi a rufin zaure, daidai inda nake zama in ci tuwo, ya bar shi nan har ya bushe. Daga ranar sunana ya tashi daga Sale ya koma Fiƙau.

Rijiya ta tafi Ƙetare, inda wata tsohuwa ta raya 'yan ƙwarorin dashensu da ruwan wanke-wanke. Matanmu suka koma tsallaka rafi da tulu safe da yamma, cikinsu har da yayata Hansai, wadda ta fara tun tana budurwa, ta yi aure a cikin unguwa, ta ci gaba da goyo a baya. Da aka yanke Kabo ta zama ƙaramar hukuma, iyaka ta bi rafin, Ƙetare ta faɗa can. Samarinsu suka samu abin tsokana, in sun ga matanmu sai su ce, "Baƙi daga wata hukuma! Ina gwanin fiƙa?"

Yau muna da burtsatse mai aiki da hasken rana, jikokina suna murɗa famfo su bar shi yana zuba. Darbejiya ta cika bakin hanyar nan, tsuntsaye ne suka shuka, babu wanda ya ba ta ruwa. Zauren ya rushe, Baba da kakana da Baba Ilu duk sun riga mu gidan gaskiya, kuma da zan sake ganinsu a zaune ina ci a ƙarƙashin reshen nan, da na yarda.

Sau ɗaya na kusa wanke kaina. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, wa'azi ya yawaita, wani matashin malami ya kawo labarina a masallaci, ya ce ga yaron da ya faɗi gaskiya a gaban hukuma bai ji tsoro ba. Na san ba gaskiya na nema ba, yabo na nema, amma na gyara zama na karɓa. Na garzaya gidan Yaya Hansai in ba ta labari. Na tarar ta sauke tulu ke nan tana warware gammo, ɗankwalinta ya zame, na ga tsakiyar kanta babu gashi. Ta saurare ni har na gama, ta miƙo mini ruwa a moɗa, ta ce, "To madalla, Fiƙau. Kai ka faɗi gaskiyar, mu muka ɗauke ta a ka."