Ranar da Yaya Sale ya zaɓa mini amfilifaya

"Kurma ne zai zaɓa maka kayan kiɗa?" in ji mai shagon, yana dariya.

Jikana ne ya tambaye ni jiya wace amfilifaya zai saya, sai na tuno da wannan rana a Katsina, zamanin da arzikin mai ya fara shigowa. Ina sabon malamin firamare a Batsari, na samu tsohuwar jitar bes. Ƙaramar amfilifaya mai araha nake nema don ƙara wa jitar sauti, mai aiki da batirin mota, don ba mu da lantarki.

Yayana Sale ne ya rako ni. Tun yana yaro sanƙarau ya tafi da jinsa. Kullum sai dai ya yi ta kallon yatsun hannuna a kan jita.

Mai shago ya jona mini wata sabuwa mai ƙyalli. Yaya ya ɗora tafinsa a kai, ya taɓe baki. Aka jona wata tsohuwa ta katako, na ja babbar tsirkiya. Sai ya zabura, ya dafa ƙirji, ya yi mini alama da hannu in ƙara.

Na ce, "Maigida, wannan za mu ɗauka. Ka ga ya ji."

Dariyar ta tsaya. Mai shagon da kansa ya kai mana ita tasha.

Daga nan, in na taso daga makaranta, Yaya kan zauna a kan amfilifayar yana buga ƙafa daidai da kiɗan. Allah ya jiƙansa.

Ku fa, wa ya taɓa fahimtar ku ta inda ba ku zata ba?