Hannun da Kawu Ya Sa Mini

Shekarar da na shiga makarantar koyon aikin jinya a Bronx, tallafin gwamnati rabin kuɗin makaranta kawai ya biya. Sauran sai banki, shi kuma banki ya ce ba ya ba baƙuwa irina sai wani ya tsaya mata. Mutum ɗaya gare ni a New York, ƙanin mahaifiyata, direban tasi da ke zaune a Concourse Village da iyalinsa. A falonsa ya sa mini hannu, ya ce, "'Yar yayata ai 'yata ce. Je ki yi karatunki." Har da hawayena wajen godiya.

Sharaɗin bashin shi ne in riƙa biyan kuɗin ruwa duk wata tun ina makaranta. Don haka na kama aikin kula da wata tsohuwa a Flatbush. In yi mata wanka, in dafa mata abinci marar gishiri, in saurari ƙorafinta kan 'ya'yanta. Karatuna kuwa a jirgin ƙasa nake yi, littafi a cinya, wani lokaci a tsaye. Ban taɓa makara da biya ba sai a shekara ta biyu, da aka tura mu asibiti koyon aiki. Wuni guda kana tsaye, ba a ba ka ko sisi. Ina cikin wannan 'ya'yan tsohuwar suka kai ta gidan kula da tsofaffi, kamfanin da nake wa aiki kuma ya ce in jira su samo mini wata.

Na kira Kawu tun kafin ranar biya ta zo. Yana layin masu jiran fasinja a filin jirgin sama na JFK, ina jin hayaniya a bayansa. Na faɗa masa halin da nake ciki. Ya ce, "To, to, ga fasinja nan, zan kira ki." Bai kira ba. Na sake nema, bai ɗaga ba. Wata ya wuce ban biya banki ba, na biyu ya shiga.

Wadda ta kira ni Umma ce, daga Kano. Ina tsakar asibiti da kayan aiki a jikina, na raɓe kusa da ɗakin wanki. Ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba.

"Ashe bashi da ruwa kika ci?"

Na ce, "Umma, kowa a nan haka yake karatu. Kawu ma ya sani, shi ya..."

"Kada ki sa bakinki a kan kawunki. Mutum ya rufa miki asiri, kin je kin ɓata masa suna. Ya nemi sabuwar mota an hana shi saboda ke."

Motar da aka hana shi ma da ruwa zai saye ta, amma wa zai faɗa wa Umma haka game da ƙaninta?

Da na tashi daga asibiti na wuce gidansa. Yana kishingiɗe yana kallon ƙwallo, matarsa tana zuba wa yara shinkafa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, ai na kira ka na faɗa maka."

Ya ce, "Kin faɗa mini ba ki da aiki. Kin ce mini ba za ki biya ba? Shekara nawa ina gina kiredit ɗina, sunana a wajen bankuna, a ƙasar nan, ke rana ɗaya kin rushe."

"Da ni ka fara yi wa magana kafin Umma."

Sai a lokacin ya dube ni. "Yau ni za ki koya wa zumunci?"

Matarsa ta miƙo mini faranti ba tare da ta ɗago kai ba. Na ci, don ban karya ba tun safe, kuma har yau ina jin haushin cin abincin nan.

Bai ba ni ko dala ɗaya ba. Abin da ya kafa mini doka ce: duk wata in zo gidansa in nuna masa a waya cewa na biya. Ko da baƙi a falo haka zan miƙa masa, ya sa tabarau, ya duba a hankali, ya gyaɗa kai. Don in cike giɓin na sayar da 'yan kunnen zinaren da na zo da su, na kama kitso a shagon wata 'yar Nijar ranakun Asabar da Lahadi. Yatsuna suka riƙa kumbura. Na faɗi jarrabawar ilimin magunguna, na maimaita zango guda, wanda shi ma da bashi na biya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne da azumi ya zo na tura wa Umma ɗan abin da na tara. Ta ce in riƙe, ba ta son kuɗin da ya cuɗanya da riba. Amma turamen atamfar da Kawu ya aika mata na Sallah ta ɗinka, ta turo mini hoto.

Na gama dai. Ranar da aka ba mu shaida Kawu ya haɗa walima a gidansa, ya gayyato abokansa direbobi. Ina kicin ina wanke kofuna na ji yana cewa, "Ni na karantar da ita. Ba don na sa hannu ba, da yanzu tana goge wa tsofaffi jiki." Suka yi ta sa masa albarka.

Da na samu aiki, abin da na fara nema shi ne banki ya cire sunansa. Sai da na shekara biyu ina biya ba fashi suka yarda. Na kira shi na faɗa masa, ya ce, "Ai da kin bari, mene ne amfanin ɗan'uwa?"

Har yanzu ban gama biya ba. Umma kuwa duk muka yi waya sai ta ce in riƙa tuna alherin kawuna, ta yi masa addu'a mai tsawo. Nakan ce amin, don uwa ce.