Karan da Na Auna Yaya da Shi

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in ɗauki biro. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma magana ce ta ciwon ɗan'uwa, ban san ko ya dace a baza ta a gaban jama'a ba. Sau da yawa nakan fara, sai in ce wa kaina, idan Yaya ya ji haushi fa? Da na gaji na tambaye shi, sai ya ce, "Rubuta mana. Amma ka gaya musu a da ina ɗaga buhun masara da hannu ɗaya, kada su ɗauka haka aka haife ni." Ni dai da hannu biyu na sha ganin yana ɗagawa, amma na isar da saƙo.

Yaya wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A kasuwar doya ta Salaga ya yi ƙuruciyarsa yana lodin manyan motoci, har ya zama shi ke raba wa masu lodi aiki. A bayan ɗakinsa yana da kayan ɗaga nauyi da ya haɗa da kansa, gwangwanaye cike da siminti an soke su da bututun ƙarfe. Ni kuwa albasa nake sayarwa, ina sarowa daga Bawku. Tun muna yara yake kirana sarkin fargaba, don ko ƙofa na kulle sai na koma na taɓa kwaɗon.

Shekarun baya hawan jini ya kayar da shi, ɓarinsa na dama ya shanye. Ƙafar ta dawo a hankali, har yana takawa da sanda. Hannun ne ya ƙi. Wani zai ce ai ga na hagu nan. To, ba a miƙa wa mutum hagu a gaisa, ba a kuma sa shi a kwanon tuwon da ake ci tare. Yaya ya daina fitowa cin abinci da mu, ya daina zama a ƙofar gida. Idan aka yi sallama sai ya sa a ce yana barci. Mutumin da muryarsa ke cika kasuwa ya koma ba ya son a gan shi.

Wata ma'aikaciyar asibiti a Tamale, mai koya wa irinsu motsa jiki, ta ce hannun bai mutu ba, aiki yake so. Ta nuna masa yadda zai jingina bayansa ya riƙe sanda da hannu biyu, na hagu yana jan na dama zuwa sama. Ta ce a nemi benci irin na masu ɗaga ƙarfe, domin katifa lotsawa take yi, kujera kuma tana tare kafaɗa. Neman bencin ya faɗo kaina, tunda ni ne kullum a hanya.

A tafiyata ta gaba na sauka a Yendi, inda aka yi mini kwatancen wani kanti mai sayar da ƙwallo da rigunan 'yan wasa. Yana da bencin, ɗan waje, baƙi mai sheƙi. Na girgiza shi, na durƙusa na leƙa ƙarƙashi, na taɓa kowane noti. Mai kantin ya gaji da kallona ya ce, "Malam, saye za ka yi ko aurensa kake nema? Wannan bincike ya yi yawa. Kwanta ka gwada."

Na kwanta. Ni da nake siriri, kafaɗuna sun zarce shi ta kowane gefe. Na tuna Yaya, wanda rabin jikinsa ba ya riƙe kansa, na ga yadda zai zame ta dama ya faɗi. Kuma ina kwance rigingine, hannuwa a gefe, ina kallon rufi, sai abin ya yi mini kama da makara. Na tashi zumbur, na yi godiya, na fita.

A Bawku akwai wani mai walda kusa da inda muke lodin albasa, ƙofofi da gadaje yake yi. Na zayyana masa komai, har da tsorona na zamewa. Bai yi mini dariya ba. Ya ce za a yi mai faɗi, mai buɗaɗɗun ƙafafu, a sa masa majingini mai tashi don kada mutum ya kwanta a shimfiɗe. Na ji hankalina ya kwanta. Sai ya ƙara da cewa, "Amma ba na yanka ƙarfe da ka. Ka kwantar da shi ka auno mini daga ƙeya zuwa ƙugu, da faɗin kafaɗa, da gwiwa zuwa tafin ƙafa." Na ce lambobin abin awo suna rikita ni. Ya ce, "To, ka samu karan dawa ka yi alama da wuƙa." Ya faɗa yana gyara tabarau, hankalinsa na kan aikinsa.

A zangonmu mutum ɗaya ake kwantarwa a auna da kara, shi ne mamaci. Da karan ake tafiya wurin masu haƙa kabari. Ta yaya zan shiga ɗakin mara lafiya da kara a hannu in ce masa kwanta? Na dawo gida ina ta kewaye-kewaye. Ranar nan matar Yaya ta tare ni a bakin madafa ta ce, "Maigida ƙarami, ina bencin? Ko shi ma sai an yi istihara?" Na rage murya na gaya mata. Ashe tagar Yaya a buɗe take.

"Kai, sarkin fargaba!" ya kira daga ciki. "Zaro kara a dangar nan ka zo."

Ya fito yana dogara sanda, ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya kwanta da kansa ya miƙe ƙafafu. Na ɗora karan a gefensa. Ya ce, "Auna da kyau. Ranar da za a yi na gaskiya ba zan samu damar gyara maka ba."

"Subhanallahi! Haba maigida, wace irin magana ce wannan?" in ji matarsa. Tana dariya tana share ido da bakin mayafi.

Washegari da safe na kama hanyar tasha. Karan ya fi jakata tsawo, kuma na ji tsoron karya shi kada alamomin su rikice, sai na riƙe shi a hannu. Hanyar ta bi ta gaban masallacin unguwa, inda dattawa ke zama bayan sun karya kumallo. Kowa ya san Yaya ba shi da lafiya. Ladan ya dubi karan, ya dube ni, ya miƙe yana salati. Ya ce, "Yaushe?" Kafin in gama bayanin benci da walda, wasu sun riga sun doshi gidanmu.

Na juya da sauri na bi su. Na tarar da tsakar gida cike da maza, wasu matan maƙwabta har sun fara kuka a bakin ƙofa. Ga Yaya zaune a kan kujera yana shan koko da hagu, babu wurin ɓuya. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Sai ya ajiye kofin, ya sa hagu ya kama tsintsiyar hannunsa na dama, ya ɗaga shi ya miƙa wa ladan. Ya ce, "Ku yi haƙuri, kun yi sammako a banza. Amma tunda kun zo, a ƙaro ƙosai." Ladan ya karɓi hannun da hannu biyu. Haka suka bi layi, kowa ya gaisa da shi, shi kuma yana tallafe da hannun bai sauke ba har na ƙarshe. Na sha ganin Yaya ƙarƙashin kaya masu nauyi, amma ban taɓa ganin ƙarfinsa kamar na safiyar nan ba. Daga ranar ya koma zama a ƙofar gida.

Bencin ya iso a kan buhunan albasa, ya daɗe yana warinta. Faɗinsa ya ɗauke kafaɗun Yaya daidai, tafin ƙafafunsa suna zaune a ƙasa, kuma duk yadda na girgiza shi bai motsa ba. Mun ajiye shi a rumfar bayan ɗaki, kusa da tsofaffin gwangwanayen siminti. Da muciyar matarsa ya fara, babu nauyin komai. Yakan yi gumi kamar wanda ya cika mota, ya huta, ya sake. Daga baya aka ɗaura wa muciyar ƙananan robobin ruwa cike da yashi. Ni nakan tsaya ta damansa ko da zai zame, shi kuma yana cewa in matsa ina tare masa iska.

Yanzu hannun yana tashi da kansa har ya kai baki. Yatsun ne suka rage. Ba sa dunƙulewa yadda zai yanki loma, don haka har yau da cokali yake ci, a kwanonsa daban, ko da yake a cikinmu yake zama. Ya ce ba zai ce ya warke ba sai ranar da ya sa hannu a kwanon gida. Ma'aikaciyar asibitin ta ce a ci gaba da matsa ƙwallon roba, muna kuma yi, amma ban ga canji sosai ba, kuma ina tsoron kada mu yi abin da zai ɓata wanda aka samu.

Shi ya sa nake roƙon duk wanda ya karanta wannan, idan a gidanku an taɓa samun wanda yatsunsa suka dawo bayan irin wannan ciwo, ku sanar da ni abin da kuka yi amfani da shi, da yadda aka fara ganin alama. Ko da amsar ita ce ba sa dawowa, ina so in sani. Masu motar albasa da ke bin hanyar Bawku zuwa Salaga za su kawo mini saƙon.