Shekarar da Mutumin Guci Ya Ce Mu Sauka Gidansa

Shekarun baya, tun Faransa na riƙe da ƙasar nan, kumandan na zaune a Magarya, ina cikin wata jama'a da ba mu taɓa raɗa mata suna ba. Mu dai mutane ne da giya ta taɓa kayarwa, Allah ya tashe mu, muka ga in ba mu riƙe juna ba komawa za mu yi. Yawancinmu tsofaffin soji ne da suka koyo sha a yaƙin Turawa. Ni kuwa ban je yaƙin kowa ba. A bakin sikelin gyaɗa na koya, lokacin cinikin kaka, da karatuna na allo da rubutuna na ajami da komai. Allah ya yafe mana.

Muna da mutane a nan ƙasar Faransi, muna da su kuma a ƙetaren iyaka, ƙasar Ingilishi, wajen Babura da Daura har Kano. Sau ɗaya a shekara, bayan an gama kai amfanin gona rumbu, mukan haɗu gaba ɗaya a gari ɗaya. A yi kwanaki ana salla tare, kowa ya tashi ya faɗi yadda shekararsa ta kasance, wanda ya zame a kama shi.

Zaɓen garin shi ne wahalar. Ba a son kusa da kumandan, don lokacin an fara maganar jam'iyyu, in ya ji baƙi sun taru daga ƙasar Ingilishi sai ya turo gardi, wato dogarinsa. Ana son wurin da ke da rijiya, wanda kuma mutanen ƙetare za su isa ba tare da 'yan duwan, wato kwastan bakin iyaka, sun zazzage musu jaka ba. Amma babban abin shi ne mai masauki. A ƙasarmu baƙo ba ya shiga gari a ɓoye. Kafin ya sha ruwa an tambaya, baƙon wa ne, me ya kawo shi? Wanda duk ya saukar da mu, to ya shelanta wa garinsu cewa shi ma yana cikinmu. Saboda haka kowace shekara sai an yi ta turereniya, kowa na yabon garin ɗan'uwansa.

A wannan shekarar muka zauna shawara a gindin wata tsamiya bayan garin Magarya, ranar kasuwa, don ranar ba mai kula da wanda ya zauna da wa. Babbanmu, wani tsohon sarjan mai ɗingishi, ya tambayi inda za a yi taron bana, bai ma rufe baki ba sai wani mutumin Guci ya ce, "A zo gidana."

Mutumin nan ba ƙarami ba ne a cikinmu. Ya daɗe da barin sha, shi ya jawo mutane da dama, da shi ake ba sababbi misali. Amma ba mu taɓa ganin wanda ya roƙi wannan kaya ba.

Sarjan ya ce, "Ka yi shawara da iyalinka?"

Ya ce, "Baba Sarjan, na ce a zo gidana. In ba a zo bana ba, ban san baɗi ba."

Da aka watse Sarjan ya kira ni, ya kira abokina, wani tela ɗan Babura. Ya ce mu je Guci mu dubo wurin, mu buɗe ido.

Muka hau jakuna. Tun kafin mu bar gonakin Dungas, garinmu, na gama yanke wa mutumin hukunci. Na ce wa abokina, "Kunnen kumandan ne. So yake ya tara mu wuri ɗaya, gardi ya zo ya kwashe, a ce siyasa muke."

Abokina ya yi dariya har jakinsa ya tsaya. Ya ce, "Ku mutanen Faransi, ko akuya ta yi tari sai ku ce kumandan ne ya aiko ta. Me zai yi da gungun tsofaffin mashaya? Ni dai ina jin wata riba ya hango."

Na ce, "Ku kuma mutanen Ingilishi komai ciniki ne."

Haka muka yi ta yi, kowa na ƙara wa zarginsa gishiri.

Mutumin ya tarbe mu da kyau, har ya yi yawa. An yanka kaza, an dama fura. Amma na lura da abubuwa. Ya ja amawali ya rufe baki, abin da ban san shi da shi ba. In zai yi magana sai ya tsaya can nesa, ya kawar da kai. Goro kuwa bai fita bakinsa ba, yana gama ɗaya ya ɓara wani. Da muka tashi azahar ya ƙi ya ja mu salla, ya ce in ja, shi ya tsaya can ƙarshen sahu. Na ce a raina, ga shi nan, mai cin amana ba ya iya haɗa ido da mutane. Har na riƙa leƙen bayan rumbuna ko zan ga kashin dokin gardi. Kashin jaki na gani, na jakina.

Wurin kuwa ba shi da laifi. Zaure babba, fili mai inuwar gawo, rijiya kusa, gari can gefe inda ba ruwan kowa. Na fara jin haushin rashin abin kushewa.

Sai da la'asar ta yi, muna zaune a filin, iska ta juyo daga gabas.

Wanda bai taɓa sha ba ba zai gane abin da zan faɗa ba. Ƙanshin dawa ne da aka jiƙa ta tsira, ana dafa ta a manyan tukwane don a yi giya. Kafin hankalina ya gane, bakina ya riga ya cika da yawu. Shekaru ina ganin na rabu da abin nan, ashe yana kwance ne yana jira. Na kama tasbahata na riƙe gam. Na dubi abokina, na ga dariyar nan tasa ta ɗauke.

Ya ce, "Gidan wa ke bayan dangar nan?"

Mutumin ya ce, "Wata mata ce. Bara ta tare."

"Dafawa take?"

"Tana dafawa."

Na miƙe tsaye. Na ce, "Allah ya isa! Ka san da wannan ka ce a kawo maka mutane? Akwai waɗanda ko shekara ba su yi da bari ba. Ka tara mata su a bakin danga kamar an kai tumaki mahauta? Me ta yi maka alkawari?"

Ya sunkuyar da kai yana tauna goronsa.

Abokina ya ja mini riga, ya ce, "Malam, zauna, wa'azin ya isa." Sannan ya dubi mutumin ya ce, "Ɗan'uwa, tofar da goron nan. Sauke amawali. Matso nan kusa da ni ka yi mini sallama."

Can ya tofar, ya sauke, ya matso ya durƙusa. Bai ma kai ga sallamar ba. Ni da ke gefe ma na ji warin giya a bakinsa.

Abokina ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun da aka fara cirar gyaɗa."

"To me ya hana ka faɗa a gindin tsamiya?"

Ya ce, "Kullum da niyyar faɗa nake zuwa. In layi ya zo kaina sai in ga yaran da na jawo sun zuba mini ido, sai in ji bakina ya ce alhamdu lillahi, lafiya lau. Na kasa. Shi ne na ce in kuka zo gidana da yawanku, ba yadda za a yi abin ya ɓoyu. Wani zai ji wari, wani zai gan ni ina tsallake danga. In an kama ni, na huta."

Na ce, "Su kuma sauran da za su faɗi saboda kai fa?"

Ya ce, "Wallahi, Malam, ban kai tunanina can ba. Kaina kawai nake gani."

Da muka kama hanyar komawa washegari na ce wa abokina ban yarda ba. Wa ya sani ko da can sun shirya da matar, da aka kama shi ya ƙago wannan labari mai ban tausayi? Abokina ya ce, "Mai yiwuwa. Amma ko labarin ƙarya ne, warin da muka ji a bakinsa gaskiya ne. Shi za mu yi wa magani."

Kasuwa ta zagayo, muka koma gindin tsamiya, mutumin na zaune can gefe. Na ba da rahoto, ban rage komai ba, ina jin ma na ɗan ƙara. Wasu suka ce a kore shi. Sarjan ya ce, "In muka kori wanda ya sha, wa zai rage? Don wa muke taruwa?" Ya ce Guci dai ta fita, kuma mutumin nan ba zai koma kwana bayan dangar nan ba, sai dai wanda zai saukar da taro ya tafi da shi tun yanzu. Sannan ya ce, "To, wa zai saukar da mu?"

Kowa ya shiga kallon yatsun ƙafarsa. Ni ma na sami wata ƙaya a takalmina ina cirewa.

Sai abokina, Allah ya jiƙansa, ya ce, "Baba Sarjan, ai ga Malam. Ban taɓa ganin mai binciken gidan mutane kamarsa ba, har bayan rumbu yake leƙawa. Wanda ya iya wannan, nasa gidan ba za a sami ƙura ba. Dungas kuma akwai rijiya."

Aka fashe da dariya. A Dungas ina koyar da yara karatu, ana kirana rubuta wasiƙa, wani lokaci liman ya sa ni gaba. Na ga duk wannan ya rushe. Amma mutumin Guci ya ɗago kai ya dube ni, karo na farko tun da aka fara maganar. Na ce to.

Na isa gida da baƙona, na sauke shi a zaure, na shiga wurin mahaifiyata tana kaɗi. Na zauna na yi ta kewaye-kewaye. Daga ƙarshe na ce, "Inna, baƙi za su zo, masu yawa. In sun zo, garin nan zai san abin da na taɓa yi."

Ba ta ko ajiye mazarinta ba. Ta ce, "Wane abu?"

Na ce, "Shan da na yi."

Ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, lokacin da ake ɗauko ka daga bakin kasuwa a kan jaki kamar buhun gyaɗa, ka zaci aljanu ke kawo ka? Maƙwabta ne. Shanka kowa ya sani. Barin ne har yau wasu ba su tabbatar ba. Bar su su zo, a gani. Je ka auno mini gero."

Aka yi taron a Dungas. Gardi bai zo ba, liman ma ya shigo ya yi mana addu'a, ba kuma wanda ya janye ɗansa daga makarantata. Mutumin Guci ya tashi a gaban yaran da ya jawo, ya faɗi da bakinsa. Ya yi rani guda a zaurena. Ya sake zamewa sau ɗaya bayan haka, ya kuma tashi, a kan barin ya rasu.

Har yau in an tambaye ni ko ya shirya wani abu da matar nan, sai in ce Allah ne masani, don zargin bai taɓa fita daga raina duka ba. Abin da na sani shi ne, da ban yi zargi ba da mun kai mutane bakin tukunya, da kuma zargina kaɗai aka bi da mun bar ɗan'uwanmu can shi kaɗai. Ya kwana a zaurena watanni ina shakkarsa, kuma kowace asuba ni nake tashinsa salla.