Kwalbar Maiturare

Ummuhani 'yar fari ce a wurin yayana Gado, don haka tun tana tatata aka miƙo mini ita, ni na raine ta a Doka. Kun san halinmu da ɗan fari. Gado bai taɓa kiran sunanta ba, ba ya kuma yi mata magana ido da ido. In yana son ruwa tana tsaye a gabansa, sai ya dubi katanga ya ce, “A gaya wa yarinyar nan ta kawo ruwa.” Katangar gidan Gado ta sha aike.

Da ta gama sakandare aka ɗauke ta a wata ƙaramar kulliya a Gadarif, inda ake koyar da masu taimaka wa likita. Ita ɓangaren gwaje-gwaje ta samu, ma'amal kamar yadda suke cewa. Kafin motar da ta ɗauke ta ta isa gari, Gado ya riga ya mai da ita Daktora. Duk direban lorin da ya tsaya shan shayi sai ya ji labari. Leburorin da ke yanka masa dawa kuwa har sun haddace.

Abin da Daktora take yi a kulliya, ni na sani, don ni take ba labari ina cin abinci. Safe da yamma tana sunkuye a kan madubin nan mai ƙara girman abu, tana leƙen jini da fitsari da bayan gidan mutane. Ta ce akwai ƙwan tsutsa mai kyau kamar ƙwayar riɗi. Na ce madalla, mutum ya bar gida ya je birni don ya ga kyan wannan. Amma tana son abin, kuma hannunta ba ya rawa. Malamansu ma ita suke sa wa ta nuna wa sauran yadda ake samun jijiya.

A shekararta ta ƙarshe aka turo ta asibitin garinmu koyon aiki. Lokacin Gado ya fara ramewa, yana shan ruwa kamar raƙumi, yana zarya bayan ɗaki, tururuwa na bin inda ya tsuguna. Kowa ya gani. Amma mai gwajin garin 'yarsa ce ta fari, kuma Gado ya gwammace ya mutu da ya miƙa mata fitsarinsa.

Sai ya yi dabara, irin ta manyan masu hankali. Ya samo kwalbar turare daga amininsa Maiturare, ya wanke, ya cika, ya naɗe ta da tsumma ya ba ni.

“Zuwaira, kai wa yarinyar nan. Na Maiturare ne, kunya yake ji.”

Tsumman kuwa yagen tsohon rawanin Gado ne, wanda Ummuhani ta sha wankewa. Ta dubi tsumma, ta dube ni. Ta ɗiga abin a wani ruwa shuɗi, ta ɗora a wuta, ya koma ja jawur. Na ga idonta ya ciko. Ciwon sukari ne, kuma ya yi nisa.

Da la'asar ta sami Gado da Maiturare a ƙofar gida, shayi a gabansu, Gado na zuba sukari kamar mai cike rami. Ta durƙusa ta gaishe su, sannan ta fuskanci Maiturare, wanda take kira Ammu, wato baffa.

“Ammu Maiturare, sakamakonka ya fito. Sukkari ne. Daga yau shi ke nan, ba sukari a shayi, ba dabino, ga ƙwayoyi safe da yamma.”

Maiturare, wanda ko ciwon kai bai sani ba, ya buɗe baki. Gado ya taka masa ƙafa.

“Ka ji dai, ya zol, mutumina,” in ji Gado. “Tun yaushe nake gaya maka?”

Haka Maiturare ya zama majinyacin da ya fi kowa lafiya a Doka. Labari ya kai ga matarsa Hawwa, ta kulle gwangwanin sukari ta rataya makullin a wuya. Bawan Allah ya yi shekaru yana shan shayi mai ɗaci saboda amana. Ƙwayoyin kuwa, in an ba shi da rana, da magariba suna aljihun Gado. Ummuhani ta gama kulliya, ta kama aiki a nan, kwalba na zuwa, ita kuma tana zuwa ta yi wa Maiturare faɗa da ƙarfi yadda na kusa da shi zai ji. Da haka ta riƙe ran ubanta, ba tare da sun taɓa haɗa ido ba. Ni abin yana ba ni haushi, yana kuma ba ni tausayi.

Bara da kaka lori ya kife da Maiturare a hanyar Gallabat, Allah ya ji ƙansa. A wurin zaman makoki mutane suna ta cewa sukari ne ya raunana shi. Kwalba ta daina zuwa, ƙwayoyi suka ƙare. Gado ya koma ramewa, wani miki ya fito masa a ɗan yatsan ƙafa ya ƙi warkewa. Na ce zan faɗa wa Ummuhani maganar mikin, ya rantse in na yi ba ni ba shi. Ita kuma ta rasa wanda za ta yi wa faɗa.

Rannan ina ma'amal na kai mata abinci, sai ga Gado a bakin ƙofa yana ɗingishi. Ya ajiye kwalbar a kan tebur, ya dubi bango.

“Na marigayi ne,” ya ce.

Na toshe bakina da mayafi. Ummuhani ta ɗauki kwalbar da hannu biyu. Ita ma ta dubi bangon.

“A gaya wa marigayi ya zauna in duba ƙafar,” ta ce. “A gaya masa ba ni da wani uban.”

Gado ya daɗe a tsaye. Sannan ya zauna a kan benci, ya cire takalmin.