Mainassara na Waca, Wanda Ya Ɓoye Ni a Rumbu

Ran Talata, sha biyu ga watan Mayu na 1942, Allah ya karɓi ranka, Mainassara. Wani mai jaki ne ya kawo mini labarin a nan hayin iyaka, ƙasar Ingilishi. Sai da ya waiga bayansa kafin ya faɗa, ni ma na waiga.

Ni ne Isiyaku Bayahude, mutumin Tarabulus, mai awon gyaɗa a kantin Magariya. Da aka ce kumandan, Baturen da ke mulkin garin, na neman Yahudawa, duk ƙofar da na sani ta rufe, ban da taka. Ka sa ni cikin rumbun hatsinka, ka mayar da murfi.

Washegari matarka Ɗela ta miƙo mini fura, na kasa karɓa. Na gaya maka dokarmu: wanda ya tashi daga barci ba ya taɓa abinci, ko baki, ko ido, sai ya zuba ruwa a hannuwansa daga mazubi marar tsaga, dama da hagu bi da bi, kuma ruwan ba a zubar da shi inda mutane ke takawa. Bazara ce, rijiyarku ta ja baya. Ba ka yi mini dariya ba. Ka ce wa Ɗela ta kawo sabuwar ƙwaryarta.

Kullum safe ruwan yana bi ta ƙasan rumbu ya jiƙa rairayi. Ɗela ta ce, "Maigida, wannan lemar za ta tona mu." Ka ce, "Baƙona ba zai zauna da yunwa a kan hatsina ba." Daga ranar ka mayar da gindin rumbun wurin alwalarka.

Ranar da gardi biyu, dogaran kumandan, suka shigo gidan, ina jin takun takalmansu. Na cusa zangarniya a baki don kada haƙorana su yi ƙara. Ɗaya ya tambaya, "Ruwan mene ne wannan?" Ka ce, "Nan nake alwala." Ka tsuguna ka fara, a hankali, ina jin muryarka kana bisimilla. Ba su hau rumbun ba, amma sun tafi da kai aikin dole a hanyar mota. Kafin su zo ka riga ka shirya da ƙanenka Harouna, shi ya tsallakar da ni cikin garken shanu. An ce da tari ka dawo, ƙafafunka a kumbure, kuma ba ka ambaci sunana ba.

Har yau tsoro bai sake ni ba. In na ɗaga buta da safe sai na waiga ƙofa. Ina tsoron kada gardi su koma wa iyalinka, shi ya sa ban zo gaisuwa ba, kuma wannan takarda sai ranar da hanya ta buɗe za ta iso.

Allah ya jiƙanka, Mainassara, ya haskaka kabarinka, ya ɓoye ka a inuwarsa ranar da babu maɓoya. Ɗela, Harouna, da 'yarka Nafi, Allah ya ba ku haƙuri, ya kawar da idon gardi daga ƙofarku. Amin.