Ranar da Shafa'atu ta Faɗi Cikinta da Bakinta

A unguwar Damba ta Gusau akwai matan da har yau, idan aka ambaci Shafa'atu matar Abdulsamad, sai su riƙe haɓa su ce, "Au, wadda ta faɗi cikinta a tsakiyar biki?" Ni kawunta ne, yayan mahaifiyarta, kafinta a Tudun Wada. Na daɗe ina jin wannan magana tana yawo da ƙafa ɗaya, don haka zan faɗi wace ce Shafa'atu da abin da aka yi mata.

An haife ta a Kucheri, ƙasar Tsafe, a gidan Malam Haliru manomi. Baƙa ce wuluk kamar mahaifinta, irin baƙin da idan ya sha man kaɗanya yake ɗaukar ido. Ta tashi tana kai fura gona, tana roron wake, tana sussukar gero da ƙannenta. Ta sauke Alƙur'ani, ta kuma gama sakandare a Tsafe. Duk tsawon wannan lokaci ba wanda ya taɓa gaya mata cewa launin jikinta cuta ne mai neman magani.

Abdulsamad malamin gona ne. Ya je Kucheri rabon iri, ya gan ta, ya dawo da manyansa, aka yi aure cikin mutunci. Gidansu tsohon gida ne na ma'aikatan gwamnati, kuma a sashe ɗaya na gidan aka ajiye amarya. Mahaifiyarsa, Hajiya Safiyatu, ba muguwar mace ba ce; wannan na shaide shi. Matsalar ita ce yayarsa Ihsan, wadda take aure a bayan layinsu kuma kullum tana gidan. Sana'arta haɗin man bilicin: ta sayo kwalabe da 'yan tububuwa a kasuwa, ta matse su cikin roba, ta juya da cokali, ta ɗura a gwangwanayen da ba suna ba rubutu. Ita kanta ba ta san abin da ke ciki ba. Abin da ta sani kawai shi ne yana aiki.

Tun makon farko ta sa wa yarinyar ido. "Amaryarmu," in ji ta, "in an ɗauke wuta ki riƙa murmushi mu san inda kike." Mata su kwashe da dariya, Shafa'atu ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Yaya." Haka aka yi ta tafiya, har aka fara ƙus-ƙus cewa amarya ta daɗe shiru.

Sai Allah ya kawo rabo. Wanda ya san mutanenmu ya san mace ba ta faɗin cikin fari. Ba ta faɗa wa uwarta, balle uwar miji. Sai dai tufafi su yi magana a madadinta. Ko matata Uwani, wadda Shafa'atu ta ɗauka tamkar uwa a Gusau, sai da yarinyar ta juya mata baya tana wanke kwano sannan ta iya cewa, "Inna, tun bayan babbar salla ban yi fashin salla ba." Uwani ta gane, ta yi hamdala, ta fara raka ta awon ciki a wani ƙaramin asibiti ba tare da sanin gidan mijin ba.

A daidai lokacin aka sa ranar auren autar gidan, wadda za a kai Bungudu. Aka fitar da anko mai ruwan ƙwai, Ihsan ta ce atamfar ba ta karɓar baƙar fata, kuma ba za a ɓata musu hotuna ba. Ta kawo wa Shafa'atu gwangwani ɗaya, wai kyauta. Shafa'atu kuwa ta riga ta ji abin da malamar asibiti take nanata wa masu ciki: fata tana shan abin da aka shafa mata, ya bi jini, jinin kuma shi ne abincin ɗan da ke ciki, mai ciki ta nisanci duk man da ba a san haɗinsa ba. Ta gaya wa mijinta. Shi kuma, da yake kunyar da ta ɗaure ta ita ce ta ɗaure shi a gaban mahaifiyarsa, ya ce, "Ki karɓa ki yi godiya, ki tura shi ƙarƙashin gado. Wa zai sani?" Ta yi yadda ya ce, ta ci gaba da man kaɗanyarta da sabulun salo.

Da tafiya ta yi tafiya, sai fuskarta ta fara washewa. Ta ji mata suna cewa wani cikin yana sa haske, sai ta ɗauka nata irin wannan ne. Uwani ma haka ta ɗauka. Malamar asibiti ce ta kama hannunta wata ranar awo, ta juya shi, ta ga gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, bayan hannun kuwa ya yi ja, jijiyoyi sun fito kore.

"Ke, ba na hana ku ba? Me kike shafawa?"

"Wallahi, Malama, man kaɗanya ne."

"Man kaɗanya bai taɓa yin wannan ba. Kowa ta zo nan rantsuwa take. Ɗanki ba ya girma yadda nake so, kuma in aka zo aka ce sai an yi miki aiki, wannan fatar da kike sirantawa da wuya take riƙe ɗinki. In ba ki tausayin kanki, ki tausaya masa."

Yarinyar da ba ta taɓa ƙarya ba ta fito daga asibiti an maishe ta maƙaryaciya, tana kuka, ba ta san laifinta ba.

Amsar ta zo ranar sa lalle. Tsakar gida cike da mata, 'yan uwa daga Bungudu, maƙwabta, abokan Hajiya. Shafa'atu tana raba zoɓo cikin babban hijabi, sai wata baƙuwa ta ce, "Wai wagga ba ita ce 'yar Kucheri ba? Ta yi fes!" Ihsan ta miƙe tana tafa hannu.

"Aikina ne! Na ba ta ta ƙi, wai ita 'yar gargajiya. Ni kuwa na bari sai ta tafi gidan kawunta, na shiga ɗaki na narka man kaɗanyar tata na zuba mata mai ƙarfin, na mayar. Har sabulun sai da na cuɗa. Ku dube ta yanzu, don Allah! Mai so ta yi magana, akwai saura."

Aka yi shewa. Wata ta ce a ajiye mata gwangwani biyu. Ihsan ta ɗauko wani sabo daga jakarta ta buɗe, ta lakato, ta kamo wuyan hannun Shafa'atu. "Zo in gyara miki yatsun nan kafin ɗaurin aure, su kaɗai suka rage."

A nan ne Shafa'atu ta tsaya tsakanin abu biyu. Idan ta yi shiru, ta tsira da kunyarta, kuma za a ci gaba da shiga ɗakinta, domin ba wanda ya san dalilin ƙinta. Idan ta yi magana, ta karya abin da uwarta da kakarta ba su taɓa karyawa ba. Ta fizge hannunta, ta ajiye jug ɗin zoɓo, ta fuskanci uwar mijinta, ta durƙusa.

"Hajiya, ki gafarce ni. Ciki gare ni. Asibiti sun ce abin da ake sa mini yana taɓa shi."

Wata tsohuwa ta ce, "Innalillahi! Da bakinta? Cikin fari?" Ihsan ta ce, "To wa ya sani? Ai da kin faɗa!" Wannan kalma ta fi komai ƙona mini rai, domin ta fito daga bakin wadda ta san ba a faɗa. Kuma ko da babu ciki, wane littafi ne ya halatta wa mutum ya shiga ɗakin wani ya sauya masa fatar da Allah ya ba shi?

Hajiya Safiyatu ta tashi ta shiga ɗakin surukarta, ta fito da kwalbar man da sabulun, ta zubar a kwata a gaban kowa, ta ce wa 'yarta, "Ɗauki jakarki ki fita mini da ita daga gida." Amma ko ita ba ta iya kallon Shafa'atu a ido ba, kuma sauran matan, kafin rana ta faɗi, sun manta da gwangwani sun kama zancen rashin kunyar 'yar ƙauye. Har Bungudu aka kai labarin tare da amarya.

Abdulsamad ya zo wurina a rumfar kafintata da yamma, ya rasa inda zai sa idonsa. Na ce masa, "Kai da ka san a gaya wa manomi kada ya fesa maganin da ba shi da suna a gonarsa, ka kasa buɗe baki a kan ɗanka?" Bai musa ba. Washegari ya nemi izinin mahaifiyarsa, ya kai matarsa Kucheri goyon ciki tun lokaci bai yi ba, aka mayar da awonta Tsafe.

Ba sauƙi ta samu ba. Da aka daina man, fuskarta ta feso da ƙuraje, ta yi dabbare-dabbare, rana kaɗan sai ta ji kamar an watsa mata barkono. Wannan bai dame ta ba. Abin da ke hana ta cin abinci shi ne duk ranar awo a ce mata yaron ƙarami ne. Ta kan ɗora hannu a ciki ta zauna tana jiran motsi.

Ta haihu da kanta, ba a kai ga aiki ba. Mace ce, 'yar mitsitsiya, har sai da aka riƙe su a asibiti ana lulluɓe ta a ƙirjin uwarta don ɗumi. Na tambayi likitan da ya duba su ko man ne ya jawo. Ya ce ba zai rantse ba, tunda ba wanda ya san abin da aka zuba ko yawansa, amma tsayar da shi da aka yi alheri ne babba. Ni ma ba zan faɗi abin da ya wuce nasa ba.

An sa mata suna Wasila. Hajiya Safiyatu ta zo suna da kanta, ta ɗauki jikarta ta daɗe tana kallo. Ihsan ba ta zo ba, kuma ina jin har yanzu tana sana'arta. Wasila yanzu tana rarrafe, ba ta barin kwano a zaune, kuma ranar Juma'ar da ta wuce, da uwarta ta zo da ita rumfata, ta kama ƙafar bencina ta miƙe tsaye da kanta.